Kwamfutar Zaure

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Matata Barakatu ta sake tayar da maganar kwamfuta tun ban gama shan kunu ba. Wai an fara koya wa yaranmu, Hafizu da Raihana, a makaranta, amma kwamfutocin ba su kai yatsun hannu ba, yara kuwa kamar fara. Malamarsu ta ce mai hali ya nema wa 'ya'yansa ko ta hannu ce, su riƙa gwadawa a gida. Na ce mu da muka yi karatu da fensir da fitilar ƙwai ai ba mu mutu ba. Ta ce, "Shi ya sa kake bin awaki kasuwa-kasuwa." Bakin matar nan! Dariya kawai na yi, don gero ya yi kyau bana, ragunan da na kai kara kuma sun tashi da riba. Zan duba.

Litinin, 7 ga Oktoba

Na tambayi Maiturare, maƙwabcina da muke hira kullum a zaurena. Ya ce in je wurin Abbas, ƙanen matarsa, yana da shago a Daura. Ya ce in dai zan saya in sayi babba, wadda duk wanda ya gani zai san an sayi abu.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na hau babur zuwa Daura. Abbas ya fito mini da biyu daidai aljihuna, duka na hannu. Ɗaya ta tebur ce, ga allo faffaɗa, ga akwati, ga wayoyi. Ɗayar laftof, 'yar siririya, gefen murfinta ya tsage an liƙe da salatif. Na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda nake ɗaga rago. Ta teburin akwai nauyi. Laftof ɗin kuwa kamar kazar da ta yi jinya.

Abbas ya yi ta tambaya kamar mai neman aure: shekarun yaran nawa, me za su yi da ita, ina za a ajiye. Ya ce aikin 'yan firamare ba ya bukatar mai tsada, kowacce za ta yi, amma shi da ƙaramar zai ɗauka saboda batir. Na ce yaro, ni ba na cinikin biri a sama, ko tunkiya sai na ga tafiyarta. Albarkacin Maiturare ya yarda in tafi da babbar in gwada na 'yan kwanaki.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na kafa ta a zaure. Nan ne ke da tebur da wurin jona wuta, ɗakin Barakatu kuwa gado da kwanuka sun cinye shi. Kuma, tsakanina da Allah, ina so a gani.

An kuwa gani. Har liman ya leƙo ya sa albarka. Hafizu ya zauna a gabanta yana danne-danne, dattawa sun kewaye shi suna "Kai, yaran zamani!" Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Babu wuta tun safe. Tana nan zaune an rufe ta da zane kamar amarya.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Wuta ta dawo bayan la'asar, zaure ya cika. Yanzu har waɗanda ba su taɓa zama da mu ba sun gano hanya. Hafizu ya rubuta sunan Maiturare da manyan baƙaƙe, mutumin nan ya yi ta washe baki kamar an ba shi sarauta.

Raihana ta kawo mana ruwa. Ta durƙusa ta gaida mutane, ta ɗan tsaya a bakin ƙofa, ta koma ciki.

Talata, 15 ga Oktoba

Mun ɗan yi sama da Barakatu. Ta ce an ba 'yan ajin su Raihana aikin gida, kowa ya koyi buga sunansa da na garinsu, ranar Litinin malama za ta gwada su ɗaya bayan ɗaya. Na ce to ga kwamfuta can, wa ya hana ta? Ta ce, "Baban Hafizu, kai ne ka ce kada ka ƙara ganin ta zaune cikin maza. Da safe tana makaranta, daga nan Islamiyya, in ta dawo zaurenka ya cika har isha'i. Yaushe za ta taɓa? Zaure ka saya wa kwamfuta, ba yara ba."

Raina ya ɓaci sosai. Na fita ban ci abinci ba. Abin haushin shi ne ni ɗin na faɗi hakan, kuma har gobe ina kan bakana.

Laraba, 16 ga Oktoba

Yau na sa ido. Raihana ta zo bakin ƙofa da littafinta a hannu, ta ga Maiturare da mutanensa, ta juya. Ta sake zuwa kafin magariba, ta sake juyawa. Ko ƙorafi ba ta yi ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Da Hafizu ne da unguwa ta ji.

Na yi tunanin in sallami mutane da wuri. To wa ke korar baƙi daga zaurensa?

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na ɗaure babbar a bayan babur na mayar wa Abbas. Na ce masa matsalar wuta ce. Ya ce ai ya faɗa mini. Na ce ba ka faɗa da ƙarfi ba. Na sa ya kunna ƙaramar, na danna kowane madanni da kaina, na sa ya cire caji muka zauna muna shan shayi tana aiki. Mun ja ciniki, ya ce albarka, na miƙe kamar zan tafi, ya sallama. Ya ɗora mini kaɗan a kan kuɗin babbar, amma bai yanke ni ba. Har jakar sakawa ya ba ni gyara.

Maiturare ya ga zaure wayam, ya ce na kai sa na dawo da akuya. Na ce akuyar da ke ba da nono.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Laftof ɗin tana kan tabarma a tsakar gida, ƙarƙashin darbejiya. Barakatu ta raba musu lokaci, kuma ta kafa doka: ba a taɓa ta da hannun miya. Hafizu yana kumbure-kumbure don babu 'yan kallo. Raihana da yatsa ɗaya take bugawa, harshe a waje, tana neman R kamar mai tsintar gyaɗa.

Litinin, 21 ga Oktoba

Raihana ta dawo daga makaranta da gudu, hijabi a karkace. Ta buga sunanta da na garinmu Zango ba kuskure, malama ta ce a tafa mata. Na ce madalla, je ki ci abinci. Barakatu tana ta kallona tana murmushi, ban kula ta ba.

Asabar, 26 ga Oktoba

Kwanakin nan a cikin gida nake shan fura bayan la'asar. Inuwar ta fi sanyi, shi ke nan.

Ɗazu Maiturare ya yi sallama, wai ya yi baƙo daga garin Babban Mutum, in fito da 'yar akuyar tawa su gani. Na miƙe zan ɗauka. Raihana ce a kai, ta kai rabin wani layi. Tana ganina ta janye hannunta ta matsa gefe, tun ban ce komai ba.

Na ce mata ci gaba. Na fita na gaida baƙo, na ce su yi haƙuri, mai ita tana aiki.