Wayar Abbas a Aljihun Malam

Jibiya,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga ƙanwata Ummusalma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara da sauran mutanen Maraɗi. Ya jikin surukarki? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan ƙalau muke. Damina ta yi kyau, gero har ya rufe mutum.

Na ce gara in rubuto, don ke a waya ba kya barin mutum ya kai ƙarshen zance. Direban da ke kai kaya garin Ɗan Isa zai ba da a miƙo miki.

Kin tambayi aikin maigidana Malam. Yana nan dai a kamfanin nan na kai saƙo, shi da babur da jan akwati a baya, furfura ta cika gemu amma ya ƙi zama. Sai dai aikin ya canza. Da can Yohanna, shugaban ofishinsu na nan, shi ke tara su a rumfa da safe ya raba kaya da baki, kai Farfaru, kai Mazanya, kai bakin boda. Yanzu an ba kowa waya mai taswira a ciki, da sunansa a kai. Ita ke auna nisa da yawan kaya ta raba wa kowa daidai, ta ja shuɗin layi ta ce nan za ka bi, gidan nan za ka fara, wancan za ka ƙare. Can Katsina wasu na zaune suna kallon kowane mai babur kamar ɗigo yana tafiya. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta rage wahala. Malam ya daina zagaye gari sau biyu saboda ƙunshi ɗaya, yana dawowa da sauran rana, ciwon bayan ma ya lafa. Rigimar an fifita wane a kan wane ta mutu.

To amma akwai abin da ba ta sani ba. Kin san hanyar ƙauyukan bayan Bugaje, ba sai na gaya miki abin da ke cikin dajin nan ba. Tun da ɓarayi suka fara tare hanya, masu baburan suka yi wata ƙa'ida a tsakaninsu: duk wanda matarsa ta haihu, ba ya bin hanyar daji sai ta gama wanka. Dattawan cikinsu ke ɗauke masa. Yohanna ya sani, da ita yake rabo.

Kwanan nan Mariyamu ta haihu, matar Abbas abokin aikin Malam, waɗanda ke bayan layinmu. Haihuwar fari ce, namiji. Washegarin suna taswira ta ɗora wa Abbas hanyar daji, wai zagayensa ne ya zo. Yohanna ya kira Katsina ya yi bayani, suka ce babu gurbin jego a cikin na'ura, kuma duk wanda ya ba wani hanyarsa, a bakin aikinsa.

Sai Malam ya yi irin halin nasa. Kullum in sun ɗauki kaya sun bar ofis, sai su haɗu a bayan tasha su yi musanyar waya da akwati. Abbas ya yi cikin gari da sunan Malam, Malam ya yi daji da sunan Abbas, da yamma su mayar. Ko Yohanna bai sani ba. Mariyamu ma ba ta sani ba, an ce mata gari aka ba mijinta. Ni kaɗai aka gaya wa, da na buɗe baki kuma aka ce mako ɗaya ne kawai, zagaye zai wuce kan wani.

Ni dai raina bai so ba. Ki bar zancen a cikinki.

Ki gaida kowa da kowa. In kin samu mai zuwa ki aiko min da kanwa, taku ta fi tamu kyau.

Yayarki,
Sa'adiyya.


Jibiya,
Ranar Alhamis.

Ƙanwata Ummusalma,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata takardar nan za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Kanwa ta iso, na gode, Allah ya bar zumunci. Ki ce wa yara Inna na gaishe su.

Mako ɗayan nan da aka ce min ya wuce, wasu sun bi bayansa, Malam na nan yana bin daji. Ashe taswirar nan koyo take yi. Tana lura da wanda ya fi saurin gama hanya, sai ta riƙa ba shi ita. Malam kuwa a kan hanyar nan ya tsufa, ba ya tsayawa tambayar gidan kowa. Ita kuma a ganinta Abbas ne ke wannan ƙoƙarin, tunda wayarsa ce ke tafiya. Shi ke nan sai ta cire hanyar daga zagaye, ta manna wa sunan Abbas dindindin. Har saƙon yabo aka turo daga Katsina, wai Abbas ne gwanin hanyar karkara. Malam ya karanta min yana ta dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Ranar mun yi ta. Na ce ya riƙa jan ƙafa, ya makara da gangan, ta gaji ta ba wani. Ya ce in ya makara sunan Abbas ne zai ɓaci, kuma makara a dajin nan ita ce yamma ta riske ka a can. Na ce to a je a faɗi gaskiya. Ya ce wato a kori mai jego da tsoho rana ɗaya, kuma gobe a ɗora wa wani ɗan mutane hanyar. Na ce ni fa? Ni ba mutum ba ce? Don 'ya'yana sun girma sun yi aure, shi ke nan mijina ya zama na rabo? Ummu, na faɗi maganganu, har da waɗanda ba su dace da shekaruna ba. Ya bari sai da na gama tsaf, sannan ya ce tuwon nan zai huce. Kin san shi. Da faɗa yake yi da na samu sauƙi.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Daga la'asar ba na iya komai. In ɗora tukunya in manta gishiri, in zauna a kan keken ɗinki in kasa taka shi. Duk babur da ya shigo layi sai in kasa kunne, har na iya bambance kukan nasa da na maƙwabta.

Jiya na kai wa Mariyamu kunun kanwa. Yaron ya yi ɓul-ɓul, tubarkalla. Ta riƙe hannuna tana cewa ita kam Allah ya so ta, an bar mata miji a gari. Na ce Allah ya ƙara tsarewa. Me zan ce? Na ɗauki kwanona na dawo gida.

Ki sa mu a addu'a. A gaida maigidan.

Taki,
Sa'adiyya.


Jibiya,
Ranar Talata.

Ummusalma,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ya ruwa a wajenku? Na ga amsarki. Kin ce in tafi ofis da kaina in tona. Ke da kike can tsallaken boda, baki ba ya miki nauyi. Shekara nawa ina zaune da mutumin nan, ban taɓa kai ƙararsa ko wurin iyaye ba, sai yanzu da jikoki zan kai shi gaban Yohanna?

Mariyamu ta gama wanka. Na ce alhamdu lillahi, ƙa'ida ta cika, kowa ya karɓi wayarsa. Kuma kada in zalunci Abbas, da ƙafarsa ya zo. Ina daga ciki ina jin su a zaure. Ya durƙusa ya ce Baba ya isa haka, a bar masa hanyarsa, kunya ta hana shi barci. Malam ya ƙi. Ya ce taswira yanzu da saurinsa take auna aikin, har ta ƙara ƙauyuka biyu, kuma layin dawowa ta ja shi ta wani burtali a gefen daji don ya fi kusa. Shi mutanen ƙauyukan sun san shi, in akwai motsi sukan tare shi su ce Malam kada ka bi nan yau. Abbas wa zai gaya masa? Ya ce a bari a yi girbi, a sare kara, daji ya buɗe mutum ya riƙa hango gabansa, sannan zai goya shi ya nuna shi ga mutane. Abbas ya fita yana share ido.

Yohanna ma ya yi nasa. Ya roƙi Katsina a rufe hanyar har damina ta wuce. Suka duba suka ce ai taswira ta nuna ba a taɓa samun matsala a kanta ba, kullum kaya na isa a kan lokaci. Kin ji fa. Ƙoƙarin Malam ne ya zama shaidar cewa hanya lafiya take.

Shekaranjiya aka ce an ga baƙin babura a wajen dajin. Da safe na ɗauke makullinsa na jefa a tulun gero. Ya duba aljihu, ya duba kan taga, sai ya gane. Ya shimfiɗa buzu a tsakar gida ya zauna da hularsa a kai, akwati a gefe. Rana na ɗagawa, ni ina sane duk jinkirin da na sa shi da safe a daji zai biya shi da yamma. Da hannuna na tono makullin na miƙa masa. Ya karkaɗe geron, ya ce Sa'a, saura kaɗan. Na ce Allah ya kiyaye hanya, ban ɗaga kai na dube shi ba don haushi.

Gero ya fara nuna. Ban taɓa ƙosawa a yi girbi irin bana ba.

Ki gaida yara. Ki ci gaba da addu'a.

Yayarki,
Sa'adiyya.


Jibiya,
Ranar Asabar.

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ya haƙurinmu? Na san jikin surukarki ne ya riƙe ki, kada ki damu, ki zo in ta samu sauƙi. Yara duk sun zo, gida cike yake. A waya kuka ya hana mu magana, kin ce in rubuto miki yadda aka yi.

Ranar Laraba ce, bayan la'asar. Ina tsakar gida ina tankaɗe sai na ji kuka daga bayan layi. Kafin in miƙe Rabi'a maƙwabciyata ta shigo tana gyara mayafi. Ta ce in taso mu je gidan Mariyamu, an tare Abbas a hanyar daji. Wai a Katsina suka ga ɗigonsa ya tsaya a burtali ya ƙi motsi, suka kira Yohanna. Can kuma wani manomi ya bugo ya ce ya ji harbi, ya ga babur mai jan akwati a kwance. Yohanna ya duba sunan da ke kan ɗigon, ya tafi ya gaya wa mahaifin Abbas. An yi ta kiran ƙaramar wayar Abbas, tasa ta kansa ba ta kamfani ba, ba ta shiga. Daga baya muka ji ashe yana Magama bakin boda yana sauke kaya, inda layin wayar Nijar ke danne namu.

Ummu, duk layin nan ni kaɗai na san wanda ke kwance a burtalin.

Ban yi kuka ba. Na ajiye rariya, na wanke hannu, na ɗauki mayafi na bi Rabi'a. A hanya tana ta cewa wayyo yaro ƙarami, wayyo ɗa ko zama bai fara ba. Har cewa ta yi ni in gode wa Allah nawa yana gari. Ina tafe ina jin ta.

Gidan ya cika da mata. Mariyamu na ƙasa tana birgima, ɗan yana hannun wata yana tsala kuka. Da suka gan ni suka buɗa min hanya, wai ni ce babba, in ba ta baki. Na durƙusa na ɗago ta, na riƙe fuskarta da hannu biyu. Na ce Mariyamu, yi shiru, naki yana nan cikin gari, yanzu zai shigo. Wayarsa ce kawai ta tafi daji. Wanda ke can nawa ne.

Sauran kin sani. Washegari da hantsi 'yan sa-kai suka ɗauko shi, aka yi masa sutura kafin azahar. Abbas ya je ofis ya faɗi komai da bakinsa. Kullum yana zaune a ƙofar gida tare da masu karɓar gaisuwa, har yau ya kasa shigowa ya gaishe ni.

Abin da ban gaya wa kowa ba sai ke shi ne wannan. Lokacin da na faɗa wa Mariyamu, fuskarta na cikin hannuna. Na ga farin ciki ya taso mata kafin ta gane sauran maganar, kafin ta iya ɓoye shi. Ban ga laifinta ba wallahi, ko ni ce haka zan yi. Amma tun ranar, duk sanda na rufe ido ba fuskar Malam nake gani ba, tata nake gani. Ina so in tuna tasa ranar da ya fita, na kasa, don ban dube shi ba.

Ki roƙa masa gafara, ki roƙa min haƙuri. Ki zo da wuri.

Yayarki,
Sa'adiyya.