Yatsu Huɗu a Kan Azurfa

Elko, watan Janairu

Zuwa ga matata Lorna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Tess. Yaya sanyi, yaya shanu? Allah ya sa ciyawar da muka tara ta kai ku bazara.

Na sauka lafiya. Inna Maite, tsohuwar da za ta koya mini zanen azurfa a kan bel, wato ƙarfen nan na gaba da ake ɗaure bel da shi, ta ba ni ɗaki a bayan shagonta. Ranar farko ta kama hannuna na dama, ta daɗe tana duban inda babban yatsana yake a da. Ta ce, "Igiya?" Na ce igiya, ta naɗe shi a ƙahon sirdi, maraƙi ya ja. Ta ce, "Ku makiyaya ba ku jin magana. Zauna."

Lorna, abin da wuya. Ƙarfen zanen ɗan tsinke ne mai kaifi, kuma kowa da babban yatsa yake tokare shi. Ni da na tura sai ya zame. Ba ta ba ni azurfa ba tukuna, fallayen jan ƙarfe nake ɓatawa, hannuna na hagu kuwa duk huji ne. Jiya na yi furen da ta duba ta ce, "Wannan fure ne ko kaza ce ta yi tono?" Na yi dariya, amma da na shiga ɗaki har na ɗauko jakata. Abin da ya hana ni fita, ban san me zan dawo in yi ba. Igiya ta fi ƙarfina yanzu, ke ma kin sani.

Ki shafa mini kan Tess.

Mijinki,
Royce

Elko, watan Afrilu

Lorna tawa,

Ina gaishe ki da kewa mai yawa. Na ji daɗin labarin haihuwar shanu. Yaya tarin Tess, ya lafa?

Albishirinki! Wata safiya Inna Maite ta ƙwace ƙarfena, ta yanke ƙotarsa ta katako, ta fere ta har ta zauna daram a tafin hannuna. Ta ce, "Ɗan nan, daina kokawa da shi kamar bijimi. Hannun dama tsayawa yake yi. Na hagu ne ke tafiya." Fallen da ake zanawa ana ɗaure shi ne a kan wani dunƙulen ƙarfe mai juyawa. Na kafe hannun dama a gefensa, na juya da na hagu, sai ga wani siririn zare na jan ƙarfe ya nannaɗo ya faɗi. Inda ya bari yana walƙiya kamar ruwa. Na sake, ya sake fitowa. Ban san na yi ihu ba sai da karen shagon ya ruga waje.

Yanzu na iya ganye, na iya reshe mai lanƙwasa, na iya wasa bakin ƙarfena da kaina a dutse har ya yi sheƙi, domin in bakin bai yi sheƙi ba, yankan ma ba zai yi ba.

Ga kuma abin da ke hana ni sakewa. Kowace shekara Inna ce ke zana kan bel ɗin da ake ba zakaran jifan maraƙi da igiya a gasar gundumar nan. Bana za a yi mata aikin ido, ta ce ni zan yi. Purdy, shugaban masu shirya gasar, ya zo shago ya ƙi. A gabana ya ce, "Maite, azurfa ce fa, ga haruffan zinariya an riga an manna. Ya zame sau ɗaya an gama. Mutum mai yatsu huɗu?" Ta ce, "Kai da kake da goma, me ka taɓa zanawa?" Da ƙyar ya yarda, amma ya ce in na ɓata, shagon ya rasa aikin gasar har abada. Sunanta na shekara da shekaru ta ɗora a hannun nan nawa. Ki sa ni a addu'a.

Naki har kullum,
Royce

Elko, watan Yuli

Masoyiyata Lorna,

Gaisuwa irin ta wanda bakinsa ya ƙi rufuwa. Ina fata kuna lafiya, kuma kun gama yankan ciyawa kafin ruwa ya sauko.

Na gama, Lorna, na gama! Ban zame ba. A ganye na ƙarshe, dab da harafin zinariya, sai na dakata. Na ajiye ƙarfen, na fita na sha kofi, na tsaya kallon motoci na ɗan lokaci, na dawo na yanke shi da numfashi ɗaya. Inna tana zaune da bandeji a ido, ba ta gani. Ta karɓa ta bi shi da yatsa daga gefe zuwa gefe, tana neman kaushi. Ta daɗe. Sannan ta ce, "To, ba laifi." A bakin Inna Maite, wannan kirari ne. Da yamma, duk da bandejin, ta dafa mini naman rago da wake da tafarnuwa, ta hana ni wanke kwano.

Purdy ya zo da tabarau, ya juya shi sama da ƙasa, ya kai shi bakin taga. Sai ya cire hularsa ya miƙo mini hannu.

Ranar gasa fili ya cika. Wata yarinya daga Owyhee ce ta ci, Delphine Sam, ta ɗaure maraƙinta kafin mutane su gama zama. Da aka miƙa mata kan bel ɗin ta ɗaga shi sama, rana ta doke shi, hasken ya kai har inda nake a bayan shinge. Sai mai lasifika ya ce, "Wanda ya zana wannan namu ne, Royce Tillery. Ina kake, Royce?" Tsofaffin abokan jifana suka ɗaga ni caɗak suka ɗora a kan shinge. Ɗaya daga cikinsu, Cleve, yana ihu, "Shekara nawa kana jifa ba ka taɓa cin ko ɗaya ba, yau kai ke rabawa!" Na ɗaga hannun nan na dama sama, yatsu huɗu, kowa yana gani, fili ya ɗauki tafi. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Kafin la'asar mutane sun yi layi suna neman in zana musu, har da Purdy, wai na jikansa. Inna ta ce in kwashe aikin in tafi gida, ta gaji da ganin fuskata, ga shi ma yanzu idon ya buɗe tana ganinta sosai. Ta ba ni dunƙulen ƙarfenta mai juyawa, wanda ta gada daga mahaifinta.

Ki sa a kwashe sirada daga ɗakin nan mai taga ta arewa, haskensa ya fi. Zan taso ranar Asabar. Ki faɗa wa Tess babanta ya samu sana'a.

Mijinki mai ƙaunarki,
Royce