Ƙwayar Ludo a Hannun Jummai

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ɗiya ga mahaifiyarta, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san masu bibiyata a waya ne za su karanta takardar nan, amma ke nake son faɗa wa.

Inna, kin san ni da littattafan soyayya. Sau nawa kika ce wata rana tuwo zai ƙone ina tsakiyar shafi? To tun da aka kawo ni Gusau na samu abin da ya fi su ɗauke mini hankali. Wani wasa ne na gani a waya. Mutum ɗaya ke riƙe da labari, sauran kowa ya zaɓi wanda zai zama a cikinsa. Mai labari ta kwatanta inda suke, ta tambayi kowa abin da zai yi. In abin da haɗari, sai a jefa ƙwayar ludo: babbar lamba nasara, ƙarama asara. Ni ce mai labarin, kuma har yanzu koyo nake.

Mu huɗu ne, duk Asabar bayan azahar: ni, Zulai ƙanwar maigidan, Maman Rifkatu maƙwabciyarmu mai shagon ɗinki, sai Jummai. Jummai dai taki, ta gidan Baba Sale a Tsafe, wadda kike zuba mana abinci a kwano ɗaya. Yanzu tana Bungudu wajen gwaggonta, takanas take shigo mota ta zo.

Kafin zaman farko na kwashe sati ina tsara wani yarima mai taushin murya wanda zai sace zuciyar Zulai. Yana buɗe baki ta ce, "Wanga da ganinai mayaudari na, ku ɗaure shi!" Suka ɗaure shi a gindin tsamiya, Maman Rifkatu ta kwance masa rawani, wai yadin zai fitar da zane biyu. Shafi goma sha biyu suka tafi a banza. Na ji haushi, amma na ga Jummai tana dariya har da riƙe ciki, abin da na daɗe ban gani ba.

Jummai ta zaɓi zama 'yar fatake, ta ce in sa mata wa wanda za su riƙa tafiya tare. Na sa. Ban tsaya na tambayi kaina dalili ba.

Makon jiya na rasa yadda zan buɗe zaman, sai na bi shawarar masu koyar da wasan: wai abu mafi sauƙi ga sabon hannu shi ne 'yan fashi su tare ayari a hanya. A ƙasashensu wannan almara ce. Ni kuwa na kwafo ta ɗungurungum zuwa tabarmarmu, na ƙawata ta yadda marubuta ke yi. Na kwatanta itacen da aka gitta a hanya, da shirun da dajin ya yi. Na ce sun kama wanta suna jan shi. Sannan na miƙa mata ƙwaya na ce ta jefa mu gani ko za ta ƙwace shi.

Inna, ba ki da rai lokacin da aka tare motar Yaya Sani, wan Jummai, a hanya. Jummai tana gaban motar, kusa da shi. Ita ta dawo, shi har yau babu labari. Na sani sarai. Na je jaje, na yi kuka da ita. Amma daɗin labarina ya rufe mini ido.

Ta daɗe tana juya ƙwayar a tafinta. Can ta ce, "Rannan ba wanda ya ba ni ƙwaya in jefa." Ta ajiye, ta ɗauki hijabinta, ta ce ta baro tukunya bisa wuta. Tukunya a Bungudu, Inna. Ba wadda ta iya ɗaga kai.

Kwana huɗu ina kira ba ta ɗauka. Jiya sai ga saƙonta: tana zuwa Asabar, a ci gaba daga inda aka tsaya. Ta ƙara da cewa, "Kuma kar ki yi man alfarma, Hafsi. Na san ki."

Tun jiyan nan na kasa sukuni. A wasan, mai labari tana da damar jefa tata ƙwayar a ɓoye. Ni bayan faifai nake jefawa. Zan iya cewa 'yan fashin sun samu ɗaya ko da shida ce ta fito, wan ya kuɓuta, kowa ya yi tafi. Maman Rifkatu ta ce in yi hakan, Allah ba zai kama ni ba. Amma Jummai ta san fuskata in ina ƙarya tun muna 'yan talla. In ta gane, na mayar da ita abin tausayi, kuma ba za ta sake taka gidan nan ba. In kuma na bar ƙwaya ta faɗi yadda ta so, zai yiwu ni da bakina in sake raba ta da wanta.

Da kina nan da na zo na kwanta a cinyarki, ki tsefe mini kai ki gaya mini abin yi. Kin sha cewa wanda ya yi ɓari shi ke duƙawa ya tsince. Ga ni a duƙe, Innata.

Abin da na yanke shi ne, gobe ba zan ɓoye komai ba. A fili zan jefa, ita ma a fili. Idan ƙarama ta fito wa Jummai, ba zan ce labari ya ƙare ba. Zan ce ga sawunsu nan ya yi gabas, rana ba ta faɗi ba tukuna, in tambaye ta abin da za ta yi. Ban sani ba ko hakan zai isa.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki. Allah Ya bayyana Yaya Sani da duk waɗanda ake jira. Ni kuma Ya kama mini harshena gobe, Ya sa in Jummai ta tashi tafiya in ji ta ce sai wata Asabar.

Taki har kullum,
Hafsatu