Amaryar Ƙanƙara da Fitilar Man Giya

Asabar, 28 ga Oktoba

Motar ta iso daga Skardu. Farar akori-kura, otomatik. Ɗana Fida ne ya saya, wai gwiwata ta hagu ta gaji da taka kuloci. Motar ragwaye! Tun ina saurayi nake jan jif a duwatsun nan, yau ga ƙafata zaune a gefe kamar baƙuwa.

Maƙwabcina Shukur ya zagaya ta, ya ce, "Rozi, wannan ai ko jakina zai tuƙa ta."

Na ce, "To shiga ka gwada, mu gani."

Talata, 31 ga Oktoba

Magudanar ban-ruwan gari ta ƙafe tun kafin girbi. Dankalin matata Marziya bana kamar ƙwan tantabara, ta yi kuka a gona, ta ɗauka ban gani ba.

Dattawa sun yanke: za a ɗaura wa ƙanƙara aure. Angon, mai tokar nan da tsakuwa, daga kwarinmu za a sassaro shi. Amaryar, fara sol mai yawan ruwa, sai can ƙetaren kogi. A haɗa su a kogon da ke saman gari inda rana ba ta leƙawa, a lulluɓe da gawayi da ƙaiƙayi, wai nan da shekara goma da wani abu su haifi ƙanƙarar da za ta shayar da mu. Ni dai ban taɓa ganin ƙanƙara da goyo ba.

Samarin da za su goya ta a baya duk suna ci-rani a Karachi. Apo Rustam, babban dattijonmu, ya ce a ɗauko amarya a motata har ƙarshen hanya, tunda ƙarfe ba ƙasa ba ne. Sharaɗin na kakanni: kada ta taɓa ƙasa, kuma daga ɗauka har ajiyewa ba mai buɗe baki. Aka karya ɗaya, aure ya lalace, sai baɗi.

Da aka zo kan shirun, kowa ya waiwayo ya dube ni. Shukur har da faɗuwa don dariya. Na ji haushi, wallahi.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Na kai ta wurin Ustad Zakir bakanike. Ya zaro sandar man giya, ya shinshina, ya ce ja ne garau, ba ƙauri. Sai wa'azi:

"Kaka Rozi, wannan ba jif ɗinka ba ce. Zafi ne ajalinta. In za ka hau da kaya, sa ta a ƙaramar giya tun daga ƙasa. In ka bar ta a D, wato mazaunin tafiya, sai ta yi ta neman giya tana dafa manta. In fitilar man giyar nan ta kama, tsaya, sa a P na tsayuwa, kada ka kashe, bar man ya zagaya ya huce. Kuma don Allah kada wani ya kwara mata ruwan sanyi."

Na ce, "Yaro, ina tuƙi kana tsumma."

Ya ce, "Shi ya sa nake maimaitawa."

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Marziya ta ce in gwada shiru daga shayin safe zuwa azahar. Ban gama kofin farko ba.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Bari in rubuta tun ban manta ba.

Mun ɗauko amarya da hantsi. Kwanduna cike, kowa da nasa a cinya a bayan mota, ga buhunan gawayi. Apo a gaba kusa da ni. Shiru. Har hanyar gada lafiya lau, sai muka kama hawan kogo. Motar na nishi, tana sauya giya, tana komawa, ni kuwa duk hankalina na kan riƙe bakina.

A wata kwana da itace guda yake, fitila ta kama. Na duba hannun giya: D. Tun daga ƙasa D! Maganar Zakir ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya, har da murmushinsa.

Na tsaya, na ja birkin hannu, na sa a P. Apo ya zare mini ido, ya nuna sama da haɓa. Na nuna masa fitila. Shi a saninsa mota in ta yi zafi kashe ta ake, sai ya miƙa hannu ga makulli. Na buge hannun. Hannun Apo Rustam! Allah Ya yafe mini.

Rana ta buɗe, kwanduna sun fara ɗiga. Kowane ɗigo a jikin ƙarfe ina jin sa a cikina. In na ci gaba, giya ta ƙone, mu tsaya nan da amarya har ta zama ruwa. In na jira, tana raguwa. Ga bayani cike da bakina, ba halin fitarwa.

Sai na hango Shukur a madubi. Ya sauko, rungume da ƙaton gutsure, ya nufi gaban mota. Na gane nan take. Abin da muke yi wa jif ke nan tun muna samari: ta yi zafi, a ɗora mata ƙanƙara. Amaryar gari guda zai narkar a kan inji, ya kuma fasa mini ƙarfe mai zafi!

Ban san gwiwata na gudu ba sai yau. Na cafke shi. Yana ja, ina ja, tsofaffi biyu suna kokawa ba ko tari. Gutsuren ya suɓuce. Ban yi tunani ba, na zube ta baya, ya faɗo mini tim a ciki.

Apo ya fito a hankali. Ya durƙusa, ya leƙa ta dama, ya leƙa ta hagu. Bai taɓa ƙasa ba. Ya gyaɗa kai. Sai na ga kafaɗunsa na girgiza, ya cusa gemu a baki, hawaye na zuba. Na bayan mota duk sun cije huluna. Ni ina kwance, sanyi na ratsa ni har ƙashi, ina rungume da ita kamar jaririya. Abin mamaki, ban so a karɓe ta ba.

Da na koma mazaunina, jim kaɗan fitila ta mutu. Ƙaramar giya, a hankali, kamar mai tafiya da ƙwai. Ba ta sake kamawa ba. Daga ƙarshen hanya suka goya kwanduna, na bi su da ɗingishi. Aka kwantar da ita gefen ango, aka rufe, aka yi addu'a, aka yanka akuya.

Kalmar farko da aka furta ta Shukur ce: "Rozi, ka rungumi matar mutane a gaban shaidu."

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Mura. Marziya ta dafa shayin gishiri da man shanu, tana dariya tana ba ni. Ta ce, "Da na san ƙanƙara ce maganin bakinka, da tuni."

Na je ba Apo haƙuri. Ya ce hannun bai ji komai ba, amma haƙarƙarinsa har yanzu ciwo don dariya.

Zakir ya sake shinshina man. Bai ƙone ba. Bai tambaye ni komai ba, ɗan albarka.

Jumma'a, 22 ga Disamba

Dusar ƙanƙara ta rufe hanyar sama. Na lulluɓe motar da tsohon bargon jif. Don kada fenti ya lalace ne kawai.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Hanya ta buɗe. Na hau, don in gwada giya. Ƙarama tun daga ƙasa. A kwanar itacen na tsaya na bar ta ta huta, ko da yake fitila ba ta kama ba. Ban kunna rediyo ba. Ban leƙa cikin kogon ba, ba a leƙa wa ma'aurata. Na dai sa hannu a bakin dutsen. Sanyi.

Jiya na sayo dashen tuffa a Skardu. Na dasa su yau a gefen magudana, ta gonar Marziya. Magudanar a bushe take ƙayau. Ta tsaya riƙe da ƙugu, ta ce, "Malam, wa zai shayar da waɗannan?"

Na ce, "Ni, da bokiti. Kafin amarya ta haihu."

Ta daɗe tana kallona. Ban ƙara ko kalma ba.