Abin da Ogutu Yake Gani

Kisumu, 9 ga Maris, 1958

Yaya Achola,

Gaisuwa mai yawa gare ki, da maigida da yara. Yaya sanyin Nairobi, yaya kuma ƙafar nan taki? Mu nan da godiya.

Kin tambayi jikin mijina. Ƙunar Ogutu ta bushe, amma ido likita ya ce mu cire rai. Akwai abin da na ɓoye miki a waccan wasiƙa: ashe ba duhu yake gani ba. Ranar da fetur ya kama a rumfar gyaran jirage, kin san shi da ƙanensa marigayi Okech ne a gindin injin. Abu na ƙarshe da idonsa ya ɗauka shi ne Okech a tsaye, wuta na cin rigarsa. Hoton nan ne ya tsaya masa. Ko tuwo yake ci, ko muna coci, Okech na gabansa. Wani lokaci muna tafiya sai ya ratse gefe. In na ce babu kowa, sai ya ce ya sani, amma ba zai iya bi ta cikin ɗan'uwansa ba.

Makon jiya abokinsa Rabuor ya kawo labarin wani tsohon fim da ake nunawa a silima, na matuƙan jirgin sama na farkon zamani. Ogutu ya kafe sai mun je. Muka je ranar Asabar da la'asar. Ni ba na jin Turanci, shi ba ya gani, sai muka raba aiki: ina raɗa masa abin da ake yi, yana raɗa mini abin da ake faɗa. Wani a bayanmu ya ce, "Mama, fim ɗaya muka zo kallo, kina ba mu biyu." Ogutu ya waiga ya ce, "Nata ya fi daɗi, ka yi shiru ka ƙaru." Yaya, rabona da jin dariyarsa tun kafin gobarar.

Labarin wani matuƙi ne da ya makance, ya kori masoyiyarsa don kada ya zame mata kaya. Ita kuwa ta je ta koyi tuƙi, ta dawo ta ɗauke shi sama. Da suka keta gajimare sai ya ɗaga hannu ya kare fuskarsa daga rana. Idonsa ya buɗe ke nan, jama'a suka ɗauki tafi. Ogutu ya matse hannuna yana tambayar me ya faru. Na gaya masa.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Adoyo

Kisumu, 30 ga Maris, 1958

Yaya Achola,

Ina gaishe ki, ina fatan kun tashi lafiya. Maganin tarin da kika aiko ya iso, na gode.

Hankalina ba a kwance yake ba. Mun yi ta komawa silimar nan har aka ɗauke fim ɗin, yanzu kuma Ogutu ya ce sai ya hau jirgi. Ya sa Rabuor ya ja shi wurin Bwana Lindqvist, tsohon Baturen nan mai ƙaramin jirgi wanda Ogutu ya daɗe yana gyara masa inji, kuma Baturen ya yarda.

Na yi masa faɗan da ban taɓa yi ba. Na ce wasa ne, mutumin cikin fim idonsa lafiya lau, yana can ƙasarsu yana shan shayi. Ya bar ni na gama, sannan ya kira ni da sunan garinmu ya ce, "'Yar Alego, ni ba ido nake nema ba. Okech tun yana yaro yana goge mini sifana yake roƙon in sa baki a hau da shi sama ko sau ɗaya. Kullum in ce gobe. Yanzu ga shi a gabana ya ƙi tafiya."

Abin da ke ci na shi ne, marfin ƙofar jirgin nan da hannunsa ya ɗaura shi, ya san yadda ake buɗe shi ko ba ido. Jiya kuma ya kyautar wa Rabuor da akwatin kayan aikinsa, wanda ko ni ba ya bari in taɓa. Na ce masa ƙafarsa ƙafata. Ya ce ni da ko kwalekwale ba na iya shiga? Na ce zan koya.

Taki,
Adoyo

Kisumu, 14 ga Afrilu, 1958

Yaya Achola,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Kwantar da hankalinki, mun hau mun sauko.

Da hantsi muka tashi. Bature a gaba, mu biyu a baya, Ogutu ta wajen ƙofa. Na cusa hannu cikin bel ɗin wandonsa na damƙe, ya ji, bai hana ni ba. Ƙasa ta sake mu. Ya ce in faɗa masa abin da ake yi. Na sa baki a kunnensa saboda ƙarar farfela, na ce ga tafkin Kisumu nan shimfiɗe kamar kwanon rufi, ga masunta kamar ƙudaje a kai, ga duwatsun Seme inda aka binne Okech lokacin da shi yake kwance asibiti.

Sai na ga hannunsa ya tafi kan marfin ƙofa. Ban yi ihu ba. Na ci gaba da magana, na faɗi shanu, na faɗi hayaƙin girki, na faɗi abin da ban ma gani ba. Hannun ya daɗe a wurin. Daga nan ya matsa sama, ya zuge 'yar tagar gefe. Iska ta shigo da ƙarfi. Ya kira Okech da sunan da uwarsu take kiransa, ya ce, "Ga shi nan, mun zo. Je ka." Ya rufe tagar.

Idonsa bai buɗe ba, Yaya. A hanyar gida bai ratse wa kowa ba, ya bi ni sak. Da muka zauna ya fashe da kuka, ya ce yanzu babu komai a gabansa, bai san duhu yana da faɗi haka ba. Na riƙe shi har ya yi shiru, ya ci kifi kaɗan.

Saura abu ɗaya, kuma ban gaya masa ba. Muna sauka, Rabuor na taimaka masa fita, Baturen ya tsaya yana zagaya jirginsa yana sosa kai. Ya tambaye ni da gurguwar Swahilinsa ko mun jefar da wani kaya ta taga. Na ce ba mu hau da komai ba. Ya ce abin mamaki, da muna hawa jirgin ya yi masa nauyi kamar ya ɗauki mutum huɗu, da muna saukowa kuwa mu uku ne daidai.

Ki zo mana a hutun Agusta in da hali. Gidan ya yi shiru da yawa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Adoyo