Likita Ta Yaga Takardar Jarrabawa

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya shago, ya ɗinki? Na kira ki a waya, muka yi ta hira har na kashe ban faɗi abin da ya sa na kira ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ranar Talata ana jarrabawar kimiyya 'yarki Likita ta miƙe ta yaga takardarta gutsi-gutsi. Malamar da ke gadinsu ta matso, sai Likita ta daka mata tsawa, “Kar ki taɓa ni!” Sannan ta shige ƙarƙashin tebur ta toshe kunnuwa. Aka aiko a kira ni, tunda kowa ya san ni ne kawunta. Yaya, ban tambaye ta komai ba. Na jawo ta waje, na ce mata a gaban 'yan ajinsu, “Kin zubar min da mutunci a wurin aikina.” Ba ta yi kuka ba, kallona kawai take.

Shugabar makaranta tana maganar dakatar da ita. Na roƙi a jinkirta. Wani abu ya faru a gida lokacin hutu?

Ƙaninki.

*

Malam ƙanina,

Lafiya lau muke, sai dai wasiƙarka ta sa na yanka hannun rigar mutane a karkace. Me zai faru a gida? Ni da ita ne kawai tun rasuwar babanta, ba abin da ta rasa. Yarinyar da ba ta taɓa sauka daga ta ɗaya ba? Sangarta ce, kai ka lalata ta da yabo. Da ni ce a wurin, da ta san ta yi. Ka gaya mata ban raba kaina da hutu a kan keken ɗinki don ta je ta yi wa mutane hauka ba.

Ka gaida iyali.

Yayarka.

Af, na tuna. Da hutu na ga hannuwanta sun tsattsage, kullum tana bakin famfo tana wanke su. Na canza mata sabulu. Kuma da na zo cire rigar matashinta na ga gashi da yawa a ƙasa. Na ce man kitso ne bai karɓe ta ba. Ko ba shi ba ne?

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba shi ba ne.

Muna da malama mai ba ɗalibai shawara, ofishinta na bayan ɗakin karatu, kullum ina wucewa ban taɓa leƙawa ba. Ita ta zauna da Likita. Zaman farko malamar ta bar yarinyar tana ta jera fensirori a kan tebur. A na biyu Likita ta buɗe baki, kuma ta yarda a gaya mana.

Tambaya ɗaya ta gagare ta a jarrabawar nan, sai ta ji numfashinta ya ɗauke, ta ɗauka mutuwa za ta yi. Ba ranar ta fara ba, banɗaki take shiga ta ɓuya in abin ya taso. Gashin kuwa, da hannunta take tuge shi.

Ga nawa laifin. Duk ajin da na shiga sai na ce, “Ku dubi 'yar yayata, kai biyu gare ta?” Ina ganin ina zaburar da su ne. Ashe 'yan ɗakinsu sun daina yi mata magana, in ta zauna a teburin cin abinci sai su matsa. Ita kaɗai take cin abinci tun bara, a makarantar da nake koyarwa, Yaya, tagar ofishina tana kallon ɗakin cin abincin.

Malamar ta ce Likita ta tambaye ta, “In ban zama likita ba, Mama da wane suna za ta kira ni?”

An janye maganar dakatarwa. Za ta riƙa ganin malamar duk mako, kuma za mu kai ta asibiti a duba ta. Na ba ta haƙuri a gaban ajin da na yi mata faɗa. Ta ce, “Ba komai, Kawu,” da irin muryar da ake sallamar baƙo.

Ƙaninki.

*

Ƙanina,

Na gode, Allah ya saka. Tun da na karanta ban buɗe shago ba.

Kar ka ɗauke kayan kai kaɗai. Kiran da ta yi min kafin jarrabawa ta ce, “Mama, ba na iya barci, ƙirjina yana min nauyi.” Ka san me na ce? “Haka duk manya suka yi kafin su zama wani abu.” Ina maganar ne da allura a bakina, ina auna wata mata. Na kashe waya har ina yi wa matar alfahari, wai 'yata karatu ya hana ta barci.

Ka yage waccan wasiƙar, kar ta gani. Zan zo ranar ziyara. Ka tambayar min malamar abin da ake faɗa wa yaro a irin wannan, don ni in na buɗe baki “nawa kika ci” ne yake fitowa.

Yayarka.

*

Mama,

Ina gaishe ki. Kawu ya ce za ki zo. Na ɗan samu sauƙi, wani lokacin abin yana dawowa, amma yanzu na san inda zan je.

Jiya an sa ni share aji ni da wata yarinya, saboda surutu. Ita ta fara ba ni dariya. Kawu ya ce in gaya miki da kaina.

In za ki taho da abinci, ki zubo na mutum biyu.

'Yarki.