Masarar Yaya Sule

Daren Talata, 8 ga Yuli

Na kasa cin tuwo yau. Yaya Sule ya zo daga Rigachikun da yamma, da buhun masara a bayan babur.

Ni ne na hana shi sayar da amfanin gonarsa da kaka. Na buɗe masa kwamfuta, na nuna masa yadda farashi ke hawa kowace damina, shekara da shekaru. Har cewa na yi, "Yaya, wannan fa aikina ne a ofis, da shi nake cin abinci." Shi da bai yi boko ba ya ce, "To, Allah ya sa," ya kulle sito.

Sai ga abin da babu shi a lissafina. Aka buɗe wa hatsin waje ƙofa, farashi ya faɗi warwas daidai lokacin da ya saba tashi. Takin bana ma ya gagari Yaya Sule.

Da zagina ya yi, wallahi da na ji sauƙi. Sai ya sauke buhun, ya ce, "Ƙwari sun fara shiga, gara yaranka su ci. Gobe ta Allah ce, Habu."

Jibi ni zan gabatar da hasashen farashin baɗi a ofis. Da wane baki?